Daga Sansanin Peshawar Zuwa Filin Chennai: Yadda Afganistan Ta Fara Kallon Pakistan Ido Cikin Ido A Wasan Kurket

Daren Litinin, 23 ga Oktoba, 2023, a filin wasa na Chidambaram da ke birnin Chennai a kudancin Indiya, kyaftin ɗin Afganistan Hashmatullah Shahidi ya ɗaga katakonsa ya doki ƙwallon da Shaheen Shah Afridi ya jefo masa. Ƙwallo ta gangara har ta tsallake igiyar bakin fili. Wasa ya ƙare ke nan.

'Yan wasan Afganistan suka kwaso a guje daga wurin zamansu, suna rungumar juna, wasu na dariya, wasu na share hawaye. Suka zagaya fili suna gaida 'yan kallo. A can Kabul kuwa, mutane suka fito tituna cikin dare, motoci na ta oda, ana wasan wuta, ana harbi sama.

Wanda bai san tarihin abin ba zai ce wasa ɗaya ne kawai cikin wasannin rukuni na Gasar Cin Kofin Duniya. Amma sau bakwai Afganistan tana karawa da Pakistan a irin wannan wasa na yini guda, sau bakwai tana shan kashi. Wannan ne karo na takwas, kuma shi ne na farko da ta yi nasara.

Da aka miƙa wa matashi Ibrahim Zadran kyautar gwarzon wasa, sai ya ce ya sadaukar da ita ga 'yan ƙasarsa da ake maidowa gida daga Pakistan. A wannan watan ne gwamnatin Pakistan ta ba duk baƙon da ba shi da takardun zama wa'adin ya fice kafin 1 ga Nuwamba, umarnin da ya shafi 'yan Afganistan kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai. Maganar tasa gajeriya ce, amma ta tattaro duk abin da ke tsakanin maƙwabtan biyu: zumunci, bashi, ɗaci da kuma neman mutunci.

Yadda ake buga wasan

Kurket wasa ne na ƙungiya biyu, kowace da mutum goma sha ɗaya. Ɗaya tana jifa da tsaron fili, ɗaya tana bugu, daga baya su yi musanya. A tsakiyar fili akwai wani tsiri mai tsawon yadi 22, an kafa sanduna uku a kowane ƙarshensa. Mai jifa yana neman ya kayar da sandunan, mai bugu yana kare su da faffaɗan katako, yana kuma neman maki.

Idan aka doki ƙwallo ta gangara har bakin fili, maki huɗu ne. Idan ta tashi sama ta tsallake ba ta taɓa ƙasa ba, maki shida. Idan ƙwallo ta kayar da sanduna, ko wani ya cafe ta kafin ta taɓa ƙasa, an fitar da mai bugu. Da zarar an fitar da mutum goma, bugun wannan ƙungiya ya ƙare. Jifa shida shi ne zagaye ɗaya.

Wasan iri uku ne. Akwai na kwana biyar, wanda shi ne mafi daraja a wurin masana. Akwai na yini guda, mai zagaye 50 ga kowane ɓangare. Sai gajere, wanda ake kira T20, mai zagaye 20, da ake gamawa cikin kamar awa uku.

A wasan Chennai, Pakistan ta fara bugu ta tara maki 282. Afganistan ta kamo ta ta wuce, alhali mutum biyu kaɗai aka fitar mata. A kurket, wannan nasara ce mai tsabta wadda ba a cewa sa'a ce.

An koyo shi ne a gidan maƙwabci

Turawan Ingila ne suka yaɗa kurket a ƙasashen da suka mulka. Afganistan ba ta zauna ƙarƙashin mulkinsu kai tsaye ba, don haka wasan bai yi saiwa a can ba. Abin da mutanenta suka sani shi ne kokawa, ƙwallon ƙafa da buzkashi, wasan mahaya dawaki.

Yaƙi ne ya kawo canji. Bayan sojojin Tarayyar Sobiyet sun shiga Afganistan a watan Disambar 1979, mutane suka riƙa tsallaka iyaka da iyalansu. An kai lokacin da 'yan gudun hijirar Afganistan a Pakistan suka haura miliyan uku, akasarinsu a sansanonin da ke kewayen Peshawar, irin su Kacha Gari.

Yaran da suka tashi a waɗannan sansanoni sun buɗe ido sun ga kowane lungu na Pakistan ana buga kurket. Ba su da kuɗin sayen kayan wasa. Sai su sami ƙwallon tanis su naɗe ta da tef ɗin masu gyaran wuta don ta ƙara nauyi da sauri, su sassaƙa katako, su jera duwatsu a madadin sanduna.

A 1992 Pakistan ta ɗauki Kofin Duniya a birnin Melbourne ƙarƙashin jagorancin Imran Khan, bayan ta doke Ingila. Imran Bafashtune ne, kamar yawancin mazauna sansanonin. Yaran sun ga mutum mai irin jininsu ya ɗaga kofi a gaban duniya, sai kowa ya so ya zama shi, ko ya zama Wasim Akram, gwanin jifan tawagar.

Daga cikin waɗannan yara aka sami irin su Taj Malik, wanda ya zama kocin farko na tawagar ƙasar, da Nawroz Mangal, da Mohammad Nabi. A 1995 aka kafa hukumar kurket ta Afganistan. Gwamnatin Taliban ta wancan lokaci ta hana nishaɗi iri-iri, amma daga baya ta sassauta wa kurket. A 2001 hukumar kurket ta duniya, ICC, ta karɓi Afganistan a matakin ƙasa-ƙasa. A wannan shekarar kuma Pakistan ta gayyace su su shiga rukuni na biyu na gasarta ta cikin gida.

Hawa daga rukuni na biyar

Sannu ba ta hana zuwa, amma ta Afganistan ba ta ma yi sannu ba. A watan Mayun 2008 ta tafi tsibirin Jersey, tsakanin Ingila da Faransa, don buga gasar rukuni na biyar na duniya, gasar da ƙasashe irin su Japan da Jamus ma suka halarta. Ta ɗauki kofin. Cikin watanni kaɗan ta lashe rukuni na huɗu a Tanzaniya, ta lashe na uku a Ajantina.

A watan Afrilun 2009, a Afirka ta Kudu, ta kusa samun gurbin Kofin Duniya na 2011. Gurbin ya kuɓuce mata, amma ta sami izinin buga wasannin yini guda na ƙasa da ƙasa. A 2010 ta halarci Kofin Duniya na T20 a yankin Karibiyan. A 2015 ta je babban Kofin Duniya, ta ci wasanta na farko a kan Sikotland da ƙyar da jiɓin goshi.

A watan Yunin 2017 ICC ta ba Afganistan da Ireland cikakken matsayi, suka shiga jerin ƙasashe goma sha biyu masu izinin buga wasan kwana biyar. Daga rukuni na biyar zuwa wannan matsayi, shekara tara ke nan.

Shiga sahun manya bai zo da sauƙi ba. Wasanta na farko na kwana biyar, da Indiya a Bengaluru cikin Yunin 2018, kwana biyu kawai ya ɗauka. An fitar da 'yan wasanta gaba ɗaya har sau biyu a yini guda. Amma kafin shekarar 2019 ta ƙare ta doke Ireland, ta kuma je har gida ta doke Bangladesh.

A duk wannan tafiya akwai hannun 'yan Pakistan. Kabir Khan, ɗan Peshawar wanda ya taɓa buga wa Pakistan, ya horar da tawagar a shekarun hawanta. Rashid Latif ya riƙe ta a 2010. Inzamam-ul-Haq ma ya yi mata koci. Ko a 2025, Younis Khan ne aka ɗauka ya ba ta shawara lokacin gasar Kofin Zakaru.

Maƙwabci mai tsohon suna

Pakistan ba ƙaramar abokiyar karawa ba ce. Tun 1952 take buga wasan kwana biyar. Ta ɗauki Kofin Duniya a 1992, na T20 a 2009, da Kofin Zakaru a 2017. Mutanenta sun kai kusan miliyan 240, ninki biyar zuwa shida na mutanen Afganistan. Tana da manyan filaye a Lahore, Karachi, Rawalpindi da Multan, da makarantar horar da 'yan wasa, da gasarta ta PSL. Kason da take samu daga kuɗin ICC ya kai kusan ninki biyu na Afganistan.

Ita ma ta taɓa zama sabuwar shiga. A wasanta na biyu na kwana biyar, a 1952, ta doke Indiya a Lucknow. A 1954 ta je Landan ta doke Ingila a filin Oval. Ta san daɗin da ƙarami ke ji ran da ya kayar da babba. Ta kuma san zafin rashin gida, domin bayan harin da aka kai wa tawagar Sri Lanka a Lahore cikin Maris na 2009, ta shafe kusan shekara goma tana karɓar yawancin baƙinta a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.

Wannan zafi shi Afganistan take ciki tun fil azal. Saboda rashin tsaro, manyan ƙasashe ba sa zuwa wasa can. A watan Mayun 2018 bam ya tashi a wani filin kurket a Jalalabad cikin azumi, mutum takwas suka rasu. Filayen aro take kira gida: Sharjah da Abu Dhabi a Daular Larabawa, Greater Noida, Dehradun da Lucknow a Indiya.

Shekarun saura ƙiris

Karon farko da ƙasashen biyu suka haɗu a wasan yini guda shi ne a Sharjah, cikin Fabrairun 2012. Pakistan ta ci cikin sauƙi, Shahid Afridi shi kaɗai ya fitar da mutum biyar. Ba wanda ya yi mamaki. Abin da ya biyo baya ne ya fi ciwo, domin tazarar ta yi ta raguwa amma nasara ta ƙi zuwa.

A gasar Kofin Asiya ta 2018 a Abu Dhabi, Pakistan na neman maki 10 a zagayen ƙarshe. Shoaib Malik ya samo su. Mai jifan Afganistan, Aftab Alam, ya durƙusa a fili yana kuka, Malik da kansa ya je yana ba shi haƙuri.

A Kofin Duniya na 2019 a birnin Leeds, Afganistan ta riƙe wasan har kusa da ƙarshe. Sai kyaftin Gulbadin Naib ya karɓi ƙwallo ya yi jifa da kansa, aka ci maki 18 a zagaye guda, wasa ya juya. Pakistan ta tsira da sauran jifa biyu. A ciki da wajen filin, magoya bayan ɓangarorin biyu suka ba hamata iska.

A Satumbar 2022 a Sharjah, saura mutum ɗaya a fitar Pakistan ta faɗi, tana neman maki 11. Naseem Shah, wanda aikinsa jifa ne, ya buga shida sau biyu a jere. Kafin nan Asif Ali na Pakistan da Fareed Ahmad na Afganistan sun kusa dambacewa a tsakiyar fili, har ICC ta ci su tara. Bayan an tashi, wasu magoya baya suka riƙa ɓalle kujeru suna jifa da su.

A Agustan 2023 a Sri Lanka, Afganistan ta tara maki 300, Rahmanullah Gurbaz shi kaɗai ya ci 151. Nan ma saura mutum ɗaya, nan ma Naseem Shah ne ya ƙwace wasan.

Tsakanin waɗannan wasanni biyu na ƙarshe ne ƙofa ta fara buɗewa. A Maris na 2023, bayan Ostireliya ta janye daga wasannin da ta shirya da Afganistan, Pakistan ta amince ta cike gurbin da wasa uku na T20 a Sharjah. Ta hutar da manyan 'yan wasanta irin su Babar Azam da Shaheen Afridi. Afganistan ta ci biyu cikin ukun. Masu raina abin suka ce ai ba cikakkiyar tawaga aka doke ba. Wata bakwai bayan haka, a Chennai, Babar yana nan, Shaheen yana nan, Mohammad Rizwan yana nan. Bakin masu ƙorafi ya mutu.

Me ya rage tazarar?

Abu na farko shi ne gwanintar murɗa ƙwallo. Afganistan ta yi dace da masu jifa waɗanda ke juya ƙwallo da yatsu ko da wuyan hannu, ta sauka ƙasa ta karkace inda mai bugu bai zata ba. Rashid Khan, ɗan lardin Nangarhar, shi ne kan gaba, har ICC ta zaɓe shi gwarzon T20 na shekaru goma a 2020. Akwai Mujeeb Ur Rahman, akwai dattijo Mohammad Nabi, akwai Noor Ahmad, wanda yana ɗan shekara 18 ya fitar da Babar da Rizwan da Abdullah Shafique a wasan Chennai.

Na biyu shi ne gasannin ƙungiyoyi masu kuɗi. Tun 2017 Rashid Khan da Nabi suka shiga gasar IPL ta Indiya, wasu suka bi bayansu. Suna kuma bugawa a Ostireliya, Ingila, Karibiyan da ita kanta Pakistan. A nan suke gogayya da manyan duniya kullum, har tsoro ya fita daga ransu. 'Yan wasan Pakistan kuwa rabonsu da IPL tun kakar farko ta 2008, saboda tsamin dangantaka tsakanin ƙasarsu da Indiya.

Na uku shi ne natsuwar masu bugu. A da, an san 'yan Afganistan da zafin nama: kowace ƙwallo so suke su aika ta waje, sai a fitar da su da wuri. Ƙarƙashin koci Jonathan Trott, tsohon ɗan wasan Ingila da ya karɓi aiki a 2022, sun koyi rarraba wasa gida-gida, su san makin da suke nema a kowane zagaye goma. A Chennai, Gurbaz da Zadran suka haɗa 130 kafin a raba su, Rahmat Shah da Shahidi suka ƙarasa ba gaggawa.

Sakamakon bai tsaya kan Pakistan ba. A wannan gasa ta 2023 sun doke Ingila mai riƙe da kofi, da Sri Lanka, da Holan. A Kofin Duniya na T20 na 2024 sun doke New Zealand da Ostireliya, suka kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Afirka ta Kudu ta fitar da su. A 2025 suka sake doke Ingila a Lahore, Zadran ya ci 177.

Duk da haka babba babba ne. A Satumbar 2025, a wata gasar ƙasashe uku a Sharjah, Afganistan ta doke Pakistan a wasan rukuni, amma da suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe sai Pakistan ta tarwatsa ta. Idan aka haɗa lissafin duk karawarsu, Pakistan ce ke gaba nesa ba kusa ba.

Abin da ke bayan igiyar fili

Zafin wannan hamayya ya girmi kurket. Iyakar da ke tsakanin ƙasashen, wadda ake kira Layin Durand, Turawan Ingila ne suka shata ta a 1893. Tsawonta ya kai kusan kilomita 2,600, kuma ta ratsa tsakiyar ƙasar Fashtunawa, ta bar dangi a nan, dangi a can. Gwamnatocin Kabul sun daɗe suna ƙin amincewa da ita. Ko a 1947, Afganistan ce kaɗai ta kaɗa ƙuri'ar ƙin shigar da Pakistan Majalisar Ɗinkin Duniya.

A ganin 'yan Pakistan da yawa, ƙasarsu ta buɗe ƙofa ga miliyoyin mutane shekara arba'in, ta ciyar da su, ta koya wa 'ya'yansu wasa, don haka ba ta cancanci a riƙa zaginta a filin wasa ba. Irin wannan ƙorafi tsohon ɗan wasa Shoaib Akhtar ya yi bayan rikicin Sharjah. Gwamnatin Islamabad kuma tana zargin cewa mayaƙan da ke kai mata hari suna samun mafaka a Afganistan, zargin da Kabul ke musantawa.

A ganin 'yan Afganistan da yawa kuwa, zaman hijira bai kasance zaman daɗi ba. Suna tuna tsangwama da kame da gori. Suna kuma zargin Pakistan da sa hannu a yaƙe-yaƙen da suka raba su da gidajensu tun farko. Abin da ya fi ɓata musu rai shi ne a ce duk abin da suka zama wani ne ya ba su, alhali su suka yi gumin.

Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. An koyi wasan a Pakistan, wannan ba ya musantuwa. Amma malami ba ya shiga jarrabawa a madadin ɗalibi. Wanda ya tsaya gaban ƙwallo mai gudun kilomita 140 a awa, shi ya san abin da ya gani.

Matsalar ita ce duk lokacin da gwamnatoci suka saɓa, kurket ne ke fara biyan kuɗin. A 2017 an shirya wasannin sada zumunci a Kabul da Lahore, sai wani mummunan bam ya tashi a Kabul ranar 31 ga Mayu, hukumar Afganistan ta soke shirin. A Oktobar 2025, lokacin da faɗa ya ɓarke a kan iyaka, hukumar ta sanar cewa wani harin sama a lardin Paktika ya kashe 'yan wasan kurket uku na yankin, ta ɗora alhakin a kan Pakistan, ta kuma janye daga gasar da za a yi a can cikin Nuwamba. Zimbabuwe ce ta maye gurbinta. Cikin shekara takwas na farko da Afganistan ta samu cikakken matsayi, maƙwabtan biyu ba su buga wasan kwana biyar ko ɗaya da juna ba.

Tambayar da babu damar kauce mata

Akwai wani rauni a cikin wannan labari mai daɗi. A 2020 hukumar Afganistan ta ba mata 25 kwantiragin wasa. Da Taliban ta dawo mulki a Agustan 2021, aka hana mata wasanni, aka kuma rufe wa 'yan mata makarantun sakandare da jami'o'i. Yawancin waɗannan 'yan wasa suka tsere zuwa Ostireliya.

Ƙa'idar ICC ta ce cikakken mamba sai yana da tawagar mata. Don haka Ostireliya ta soke wasanninta da Afganistan har sau uku, a 2021, 2023 da 2024, ko da yake tana haɗuwa da ita a gasannin duniya. A Ingila ma 'yan majalisa da dama sun nemi a ƙaurace wa wasan 2025. Masu wannan ra'ayi suna tuna yadda aka ware Afirka ta Kudu daga wasanni a zamanin wariyar launin fata.

Wasu kuma suna cewa hukunta 'yan wasa ba zai sauya ra'ayin masu mulki ba, sai dai ya raba talakawa da ɗan abin da ke faranta musu rai. Suna nuna cewa tawagar har yanzu tana wasa ne ƙarƙashin tsohuwar tuta mai baƙi, ja da kore, kuma Rashid Khan da Mohammad Nabi sun fito fili sun nemi a bar mata su yi karatu.

A Janairun 2025 matan da ke gudun hijira suka buga wasansu na farko tare a Melbourne. A Afrilu ICC ta sanar da shirin tallafa musu. Tarihi ya maimaita kansa: kamar yadda mazan suka fara a ƙasar wasu, haka matan suke farawa yanzu. Tawagar da aka haifa a sansanin hijira ita ta fi kowa sanin abin da hakan ke nufi.

Ba Afganistan kaɗai ba

Irin wannan labari yana faruwa a wasu wurare. Ireland ta doke Ingila a Kofin Duniya na 2011 a Bengaluru. Sikotland ta doke Ingila a Edinburgh a 2018. A Oktobar 2025 Namibiya ta doke Afirka ta Kudu a wasan T20 a Windhoek. A Janairun 2025 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke New Zealand a Kofin Duniya na matasa a Maleshiya.

Darasin ɗaya ne: ƙaramar ƙasa ba ta girma sai an ba ta wasa da manya a kai a kai. Lokacin da ICC ta rage ƙasashen babban Kofin Duniya zuwa goma a 2019 da 2023, ƙofa ta ƙuntata. Yanzu an faɗaɗa na T20 zuwa ƙasashe 20, na 2027 zai ɗauki 14, kuma kurket zai koma gasar Olamfik a 2028. Wannan hanya ce mai kyau, ya kamata a ɗore a kanta.

Abin da ya rage

Pakistan ba ta yi asarar komai ba don ɗalibin jiya ya zama abokin karawar yau. Abin alfahari ne gare ta. Afganistan ma ba ta rage wa kanta daraja ba idan ta tuna inda ta koyi riƙe katako. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma baki ɗaya suke kwana.

Mutanen ƙasashen biyu addininsu ɗaya, miliyoyinsu harshensu ɗaya, akwai auratayya da kasuwanci a tsakaninsu tun kafin a shata iyaka. Filin kurket yana cikin 'yan wuraren da suka rage inda za su haɗu a ƙarƙashin doka guda, a tashi a gaisa.

Don haka ya kamata hukumomin kurket na Kabul da Lahore su koma teburi, su tsara wasanni na dindindin, har da na kwana biyar, ko da a ƙasa ta uku ne. Ya kamata magoya baya su bar kujeru a inda aka kafa su. Ya kamata ICC ta cika alkawarin da ta yi wa matan Afganistan. Shugabannin ƙasashen biyu kuma su ji tsoron Allah game da talakawan da ke zaune a kan iyaka, domin daga cikin 'ya'yan irin waɗannan talakawa aka sami tawagar da ta sa Kabul ta kwana tana murna ranar 23 ga Oktoba, 2023.